Laƙabin "Maƙeri" A Birnin Sakkwato: Asalinsa Da Ma'anarsa Da Yaɗuwarsa

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi nazarin ɗaya daga cikin laƙubban da Hausawa ke samu ta dalilin sana'a, wato "Maƙeri". An duba ma'anar kalmar da yadda aka gina ta, da asalin sana'ar da ta haifar da ita, sannan da yadda laƙabin ya yaɗu a birnin Sakkwato. Haka kuma an kwatanta shi da takwaransa na Ingilishi, wato "Smith", domin a gano dalilin da ya sa sunan Turawan ya zama sunan zuriya da ake gado, alhali na Hausawan ya fi tsayawa a fatar baki, ba safai yake shiga takarda ba.

3.1 Ma'anar Kalmar Da Ginuwarta

Kalmar "maƙeri" ta samo asali ne daga aikatau "ƙera", wato a sarrafa ƙarfe da wuta da guduma har ya zama wani abin amfani. Sunan aikin shi ne "ƙira". Idan aka liƙa ɗafa-goshin "ma-" a gaban tushen kalmar, aka kuma sanya ɗafa-ƙeya, sai a sami kalmomi kamar haka:

(i) ma + ƙer + i = maƙeri (namiji, tilo)
(ii) ma + ƙer + iya = maƙeriya (mace, tilo)
(iii) ma + ƙer + a = maƙera (jam'i)
(iv) ma + ƙer + a = maƙera (wurin da ake ƙira)

Idan aka lura za a ga misali na (iii) da na (iv) rubutunsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne karin sauti. Jam'in masu sana'ar yana da karin sama-ƙasa-sama, shi kuwa sunan wurin dukkan gaɓoɓinsa sama suke. Tun da yake daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti, mai karatu ba ya iya tantancewa sai ta la'akari da jimlar da kalmar ta fito a ciki. Wannan batu yana da muhimmanci, kuma za a sake komawa gare shi a sashe na 3.3.

Wannan tsari na ginin kalma bai taƙaita ga ƙira kaɗai ba. Da shi aka samar da marini daga "rina", da majemi daga "jeme", da maɗinki daga "ɗinka", da masaƙi daga "saƙa". Ko a cikin maƙera ma, wanda ke hura wuta da zugazugi ana kiran sa mazugi, daga aikatau "zuga".

Ta fuskar ma'ana kuwa, Hausawa sun kasa maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu aiki da baƙin ƙarfe, waɗanda ke ƙera kayan noma kamar garma da fartanya da lauje da gatari, da makamai kamar takobi da mashi, da kayan doki kamar linzami da likkafa. Akwai kuma maƙeran fari, masu aiki da azurfa da tagulla, waɗanda ke ƙera zobe da awarwaro da munduwa da 'yan kunne. Laƙabin "Maƙeri" ya game su duka, amma idan aka ambace shi ba tare da wani ƙari ba, hankalin mai sauraro ya fi karkata ga maƙerin baƙi.

3.2 Asalin Sana'ar Da Zuwanta Sakkwato

Su kansu maƙera sukan danganta asalin sana'arsu ga Annabi Dawuda (AS), bisa ga abin da ya zo a Suratu Saba'i, aya ta 10 da ta 11, inda aka bayyana cewa Allah ya tausasa masa ƙarfe, aka kuma umurce shi da ƙera sulke. Wannan danganci yana ba sana'ar wata daraja ta addini a idon masu yin ta.

Ta ɓangaren tarihi, binciken kayan tarihi da aka tono a Taruga, cikin yankin al'adun Nok, ya nuna cewa ana narka tama a ƙasar da ake kira Nijeriya a yau tun ƙarnoni da dama kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙasar Hausa kuwa, tarihin baka ya danganta farkon zama a gindin Dutsen Dala na Kano da wasu maƙera da ake kira Abagayawa, waɗanda aka ce neman tama ne ya kawo su daga Gaya. Wannan ya nuna ke nan sana'ar ta girmi birnin Sakkwato nesa ba kusa ba.

Birnin Sakkwato ya kafu ne a matsayin cibiyar daula a shekarar 1809 a hannun Muhammadu Bello, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tare a cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Sabon birni da ke cikin halin yaƙi, kuma yake dogara da noma, ba zai iya zama ba tare da maƙera ba. Muhammadu Bello ya fahimci haka, domin a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'o'in hannu, har da maƙera, da zaunar da su a garuruwa, cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Bisa wannan manufa ne masu sana'o'i suka zauna shiya-shiya a cikin birnin, har shiyoyin suka ɗauki sunayen sana'o'in, kamar Marina da Majema da Takalmawa. Shiyar da ta yi fice wajen ƙira ita ce Maƙera Assada, wadda ke cikin tsohon birni, kuma har yau ana ƙira a cikinta. Maƙera suna da shugabansu, wato Sarkin Maƙera, wanda shi ne tsani tsakaninsu da fada.

3.3 Hanyoyin Da Laƙabin Ke Bi Ya Zama Suna

Bahaushe yana samun sunansa na yanka ne ranar bakwai da haihuwa. Tun da yake sunayen yanka ba su da yawa, ta yadda a shiya guda za a iya samun Muhammadu ko Abubakar fiye da a ƙirga, sai buƙatar bambancewa ta taso. A nan ne laƙabin sana'a ke shigowa. Ana iya kasa hanyoyin shigarsa gida huɗu:

(a) Laƙabin mai sana'ar kansa. Alal misali a ce "Garba Maƙeri" domin a bambanta shi da wani Garba mahauci. Wannan laƙabi yakan mutu tare da mai shi.

(b) Laƙabin dangantaka. Ɗan da aka haifa a gidan ƙira ana iya kiran sa "Ɗan Maƙeri" ko "Na-Maƙera", ko da bai taɓa riƙa masaba ba. Al'adar kunya tana ƙarfafa wannan, domin matan gida da ke ɓoye sunan miji ko na ɗan fari sukan fake da irin waɗannan laƙubba.

(c) Sarauta. Wanda aka naɗa Sarkin Maƙera, sarautar takan danne sunansa na yanka, kuma 'ya'yansa da jikokinsa sukan ci gaba da jingina kansu gare ta.

(d) Sunan wuri. Mutum na iya rubuta "Maƙera" a ƙarshen sunansa domin kawai a shiyar Maƙera aka haife shi. Ba Sakkwato kaɗai ke da irin wannan wuri ba. Akwai Lokon Maƙera a birnin Kano, akwai kuma unguwar Maƙera a kudancin Kaduna.

Hanya ta huɗu ita ce ke jawo ruɗani. Kamar yadda aka nuna a sashe na 3.1, rubutu ba ya bambanta jam'in masu sana'a da sunan wuri. Bugu da ƙari, takardun hukuma sukan yar da lanƙwasar harafin "ƙ", sai a ga "Makera" kawai. Saboda haka ganin wannan kalma a ƙarshen sunan mutum bai isa hujjar cewa shi jinin maƙera ne ba.

3.4 Kwatanci Da Sunan "Smith"

Kalmar "Smith" ta fito ne daga tsohon Ingilishi, kuma ma'anarta mai sarrafa ƙarfe. A Ingila, al'adar gadon sunan zuriya ta fara ne a tsakanin masu mulki bayan mamayar Normawa ta shekarar 1066, sannan ta bazu a hankali, ta yadda zuwa wajen shekarar 1400 yawancin iyalai sun riga sun sami sunan da ake gado. Rubuta sunayen masu biyan haraji, kamar harajin kai na 1377 zuwa 1381, da takardun gadon filaye, sun taimaka wajen kafe waɗannan sunaye. Da zarar an rubuta mutum da sunan sana'arsa, sai ɗansa ya gaje shi, ko da ya koma noma ko fatauci.

A yau "Smith" shi ne sunan zuriya mafi yawa a Ingila da Amurka. Ƙidayar Amurka ta shekarar 2010 ta sami mutum 2,442,977 masu wannan suna. Dalilan yawansa sun haɗa da cewa kowane ƙauye yana buƙatar maƙeri, da cewa kalmar ta game masu aikin baƙin ƙarfe da na zinariya da na azurfa, da kuma cewa a Amurka wasu baƙi daga Jamus masu suna "Schmidt" sun mayar da nasu zuwa siffar Ingilishi. Wasu al'ummu ma suna da irinsa, kamar "Haddad" a wajen Larabawa da "Ferrari" a Italiya, waɗanda duk ma'anarsu maƙeri.

Sunan ba baƙo ba ne ga masu nazarin ƙasar Hausa. M. G. Smith ya yi rubutu a kan tsarin sarautar Zazzau, Mary Smith ta fitar da tarihin Baba ta Karo a 1954, shi kuma Abdullahi Smith ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ba a san ko ɗaya daga cikinsu da ƙira ba. Wannan shi ne babban bambancin: a wajen Bature sunan ya rabu da sana'ar, a wajen Bahaushe kuwa, idan aka ce "Maƙeri", ana sa ran a ga maƙera ko a ji labarinta a gidan.

3.5 Yaɗuwar Laƙabin A Sakkwato

A bakin jama'a laƙabin yana da rai, musamman a tsohon birni da kasuwanni da ƙauyukan kewaye. A takarda kuwa ya yi ƙaranci idan aka kwatanta shi da sunayen uba da na gari. Ana iya kawo dalilai uku.

Na farko, tsarin Hausawa na jingina ɗa ga sunan ubansa ne, saboda haka suna na biyu yakan canza daga tsara zuwa tsara. Abin da ake gado shi ne sana'ar da gidan, ba kalmar ba. M. G. Smith (1959) ya nuna yadda Hausawa ke bambanta sana'ar da aka gada da wadda aka yi wa shigege, kuma ƙira tana cikin waɗanda gado ke da ƙarfi a cikinsu. Wanda kowa ya san gidansu ba ya buƙatar ya rubuta sana'ar a jikin sunansa.

Na biyu, bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, makarantun boko da suka biyo baya sun fi rubuta yara da sunan garinsu. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello an san shi da Ahmadu Raɓa a zamanin karatunsa. Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, da sunan garinsu aka san shi. Ke nan gurbin da sana'a ta cike a Ingila, gari ne ya cike shi a nan.

Na uku shi ne martabar sana'a. Laƙubban da suka fi samun shiga takarda su ne na ilmi da mulki, kamar Alƙali da Liman da Ladan da Ma'aji da Waziri. Misali a nan shi ne Aliyu Magatakarda Wamakko, gwamnan Jihar Sakkwato daga 2007 zuwa 2015, wanda sunansa na tsakiya ke nufin marubucin sarki. Maƙera ba a ware su daga jama'a a ƙasar Hausa, amma kuma al'ada ba ta ajiye su a sahun malamai da masu sarauta ba, don haka ɗan boko ya fi son a rubuta shi da sunan uba ko na gari.

Wani abin lura shi ne sauyin da ita kanta sana'ar ta samu. Shigowar ƙarfen Turai da tarkacen motoci ta kashe narkar tama, kuma da yawa daga 'ya'yan maƙera sun koma walda da kanikanci. Sababbin sana'o'i sun zo da nasu laƙubban na aro, kamar Tela da Kafinta da Direba. "Tela" ma daga kalmar Ingilishi ta maɗinki aka aro shi, wadda ita ce ta ba Turawa sunan "Taylor", kuma a yau akan ga wasu Hausawa na rubuta shi a matsayin sunan ƙarshe.

Har ila yau, rajistar zamani ta kawo wani sabon yanayi. Hukumar katin shaidar ɗan ƙasa da aka kafa da dokar 2007, da lambar tantance masu ajiya a banki da aka ɓullo da ita a 2014, duk suna buƙatar mutum ya tsayar da sunan ƙarshe guda ɗaya, kuma saɓani tsakanin takardu yana jawo wa mai su wahala. Wannan ya yi kama da abin da takardun haraji suka yi a Ingila. Bambancin shi ne, a lokacin da sunaye ke kafewa a Sakkwato, laƙabin "Maƙeri" ya riga ya kasance a gefe. Gidan da bai rubuta shi yanzu ba, da wuya jikokinsa su same shi a takarda.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa "Maƙeri" kalma ce ta Hausa tsantsa, wadda aka gina daga aikatau "ƙera", kuma sana'ar da take nuni gare ta tana cikin waɗanda aka kafa birnin Sakkwato da su. An ga hanyoyi huɗu da laƙabin ke bi ya zama suna, da dalilai uku da suka hana shi zama sunan zuriya kamar "Smith". Abin da wannan ke nunawa shi ne, mai neman tarihin maƙeran Sakkwato ba zai dogara da rajistar makaranta ko ta hukuma ba. Dole ne ya koma ga sunayen shiyoyi da sarautun sana'a da abin da dattawan gidajen ƙira suka riƙe a ka, tun suna raye. A babi na gaba za a duba laƙubban da suka danganci jima da dukanci.