Ƙananan halittun da ke gadin saiwar garahuni

Jama'a masu bin shirinmu na noma, a wannan karo za mu leƙa ƙarƙashin ƙasa ne. Kun san garahuni, wannan mai yaɗo mai ɗaci. To, yana da ɗan'uwa mai manyan 'ya'ya da ake nomawa a Indiya da Sin don miya, Indiyawa na ce masa karela. Ɗaya daga cikin manyan abokan gabarsa shi ne ciwon yaushi, kuma darasinsa ya shafi duk mai lambu.

Wata fumfuna ce mai suna Fusarium ke haddasa ciwon. Tana shiga ta saiwa, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi zuwa ganye. Sai ku ga shuka ta yi laushi da rana, ta farfaɗo da yamma, bayan 'yan kwanaki ta bushe, alhali ƙasa jiƙe take. In kun tsaga karan, cikinsa ya koma ruwan ƙasa. Fumfunar kuwa tana iya shekaru a ƙasa tana jira.

To, me ya sa wata gona ke kamuwa, ta kusa da ita ta tsira? Saiwa na fitar da sukari da wasu sinadarai, waɗanda ke jawo ƙananan halittu su taru kewaye da ita. Cikinsu akwai masu amfani, irin su Bacillus, Pseudomonas da Trichoderma. Wasu na riga fumfunar cinye abinci, wasu na fitar da gubar da ke hana ta girma, wasu kuma na zaburar da shukar ta kare kanta.

Ba tatsuniya ba ce. A yankin Châteaurenard na Faransa, an daɗe da sanin ƙasar da wannan ciwo ba ya tasiri a kanta. Da aka dafa ta da zafi, halittun suka mutu, kariyar ta tafi. A 2018 kuma, masana a Koriya ta Kudu sun nuna cewa tumatir mai jure wani nau'in yaushi yana tara wata bakteriya mai taimako a saiwarsa. A Taiwan, manoma kan aura karela a kan saiwar soso, mai jure ciwon.

Ku masu kankana da tumatir, dangin wannan fumfuna na kama su. Don haka ku zuba takin gargajiya da ya ruɓe sosai, shi ne abincin masu gadin. Kada ku maimaita shuka ɗaya a wuri guda kowace shekara. Shukar da ta kamu, a tumɓuke ta har saiwa a ƙone, kada a jefa cikin taki. Ku wanke fartanya kafin shiga wata fadama, ku kuma kula kada ruwa ya kwanta a gindin shuka.

Allah ya ba da amfani mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.