Yadda Aka Rage wa Cibiyar Linux Ƙiba Domin Kwamfuta Ta Tashi

A duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne ɗauko cibiyar babbar manhajar da ke tafiyar da ita daga faifai zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan cibiya, wadda masana ke kira kanel, ita ce ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin aiki. Idan ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, to kwamfutar ba za ta tashi ba.

Matsalar ta samo asali ne a shekarar 1981, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur. Ƙwaƙwalwar da injinta ke iya sarrafawa ba ta wuce megabait 1 ba, kuma kilobait 640 kawai aka ware wa manhajoji. Kwamfutocin da suka biyo baya sun ci gaba da farkawa cikin wannan ƙunci, domin kada tsofaffin manhajoji su daina aiki.

Da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fara rubuta Linux a 1991, cibiyar ƙarama ce. Amma kowace sabuwar na'ura da aka koya mata sarrafawa sai ta ƙara mata nauyi. Saboda haka aka bi hanyoyi uku. Ta farko, aka matse cibiyar ta yadda za ta warware kanta bayan ta shiga ƙwaƙwalwa. Wannan siga, zImage, ba ta iya wuce kilobait 512. Ta biyu, aka ware sassan da ba a bukata nan take, sai an neme su ake ɗauko su. Ta uku, a 1996 aka fito da bzImage, wadda ake saukewa a saman iyakar megabait 1, inda wuri ke da yalwa.

Sai dai matsi yana da iyaka. A 2022, masu kula da OpenWrt, wato Linux na na'urorin rarraba intanet, sun daina tallafa wa na'urori masu ma'adanar megabait 4 da ƙwaƙwalwar megabait 32, domin manhajar ta fi ƙarfinsu. Irin wannan na'ura tana iya ci gaba da aiki, amma ba ta ƙara samun gyaran da ke toshe wa masu kutse ƙofa. Ke nan kowane kilobait da masani ya rage, ƙarin kwana ne ga na'urar wanda ba shi da halin sayen sabuwa.