Cike kanti daga hannun mai kawo kaya: tsarin da kalmominsa

1. Gabatarwa

Bisa al'ada, mai kanti ne ke duba abin da ya rage masa, ya aika a kawo. Akwai tsarin da ya juya wannan ƙa'ida: mai kawo kaya ne ke sa ido kan ajiyar abokin cinikinsa, shi ke yanke ranar cikewa da yawan abin da za a kawo. Da Faransanci ana ce masa gestion partagée des approvisionnements. Ya yi suna a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kantunan Walmart suka bar wa kamfanin Procter & Gamble kula da ajiyar ƙunzugun jarirai na Pampers.

2. Yadda yake aiki

Ɓangarorin biyu suna tsaida iyaka: misali, kada sabulu ya kasa katan 5, kada ya wuce 20. Mai kanti yana ba da labarin abin da ya sayar, mai kawo kaya ya cike giɓin. A 1997, Lee, Padmanabhan da Whang sun nuna cewa ɗan canji a sayen jama'a yakan kumbura yayin da oda ke hawa daga kanti zuwa masana'anta. Ganin ainihin ciniki yana rage wannan kumburi.

3. Ƙananan kamfanoni da matsakaita

Inda babu kwamfuta, ƙidaya da ido ke aiki, kamar yadda mai raba burodi ke duba abin da ya kwana kafin ya ajiye sabo. Haɗarin shi ne mai kawo kaya ya jibge abin da yake son rabuwa da shi, jarin ƙaramin ɗan kasuwa ya kwanta, asirin cinikinsa kuma yana hannun wani.

4. Batun kalmomi

Tsarin bai faɗi ko kayan na wane ne ba. Hausa ta rarrabe: a «sari» kaya na mai kanti ne tun da ya biya, a «bashi» nasa ne, biya na jiran lokaci, in an «ajiye a sayar», na mai kawowa ne har su fita. Wanda ya fassara tsarin da ɗaya daga cikin ukun nan ya yanke hukuncin wanda zai ɗauki hasara in kaya suka lalace. Saboda haka muke ba da shawarar «cikon mai kawo kaya», a kuma rubuta batun mallaka dabam cikin yarjejeniya.