Kada Kunya Ta Kashe Mana 'Ya'ya

Jama'ar Bagwai, ku saurara. Akwai 'ya'yanmu da ke ramewa a ƙuryar ɗaki, an ja labule, an ce sammu ne. Cikinsu akwai matasan da muke kira 'yan daudu, masu kwaikwayon mata, waɗanda suka tafi birnin Kano sana'ar abinci suka dawo ba lafiya. Har yaushe za mu yi shiru?

Ku dubi alamun. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Gudawa ta haura wata guda. Tari, gumin dare, fari-fari a kan harshe, zanen da ake ɗaurawa ya zagaye ƙugu har ya yi rara. Me kuke jira? Waɗannan alamun na iya zama na HIV, ƙwayar cutar da ke iya yin shekaru a jiki ba a sani ba. Idan ta karya garkuwar jiki, tarin fuka ne ya fi yawan ɗauke mai ita. A yi addu'a, amma a kai shi asibiti yau.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. To wanda ba a yi masa maganar aure ba fa? Wa zai gwada shi? Yana tsoron Hisba, yana tsoron dariyar 'yan layi a asibiti, sai ya kwanta a gida ciwo yana cin sa.

Ku matasan, da ku nake. Gwaji digon jini ne daga yatsa. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke ba da shi, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokar ƙasa ta 2014 ta haramta tsangwamar mai ɗauke da cutar. Wanda ya fara sha kada ya daina don ya ji sauƙi. Dainawa ke ba cutar ƙarfi. Wanda aka yi wa fyaɗe ya garzaya asibiti kafin awa 72, akwai maganin kariya.

Iyaye, ko me kuke gani game da rayuwarsa, ɗanku ne. Cin tuwo kwano ɗaya ba ya yaɗa cutar. Kada ku kore shi. Ku biya masa kuɗin mota zuwa Bichi ko Kano, ku raka shi, ku riƙe sirrinsa.