Katin Shawara da Baƙin Matan Fada

Baƙon da ya taso daga Turai ko Amurka domin kallon bikin kamun kifi na Argungu, kafin idonsa ya ga ruwan Matan Fada, akwai 'yar takarda ruwan ɗorawa da dokar Najeriya ta ɗora masa: shaidar allurar rigakafin shawara, wadda matafiya ke kira yalo kad. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Muna alfahari da zuwan baƙi, amma ba kasafai muke tambayar amfanin katin nan ba.

Sauro ne ke yaɗa shawara, wani nau'i mai cizo da rana, mai hayayyafa a randa da tsofaffin tayoyi. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, kuma cikin waɗanda ta yi wa mummunan kamu kusan rabi ba sa tashi. Allurar kuwa tsohuwa ce. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, daga nan Max Theiler ya samar da rigakafin a 1937. Sau ɗaya ake yin ta. Katin yana fara aiki bayan kwana goma, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke sabunta shi duk shekara goma, ya zama na har abada.

Mutumin Kabi ya san irin wannan sharaɗi ta hanyar aikin Hajji. Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi sai an yi masa allurar sanƙarau, ga ta shawara da ɗigon shan inna, domin haka Saudiyya ta gindaya. Dattawa ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, Saudiyya ta rufe wa alhazanmu ƙofa.

Abin da ke damuna shi ne kati ba allura. Mutum ya shirya zuwa hutu, lokaci ya ƙure, sai wani ya ce masa, "Kawo kuɗi a buga maka." A Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta koro 'yan Najeriya 125 bisa zargin katunansu na jabu ne. An yi ta cacar baki, Najeriya ta rama, daga baya Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Bayan 'yan shekaru gwamnatin Najeriya ta fito da sabon kati mai lambar da ake tantancewa ta intanet. Wannan ya rage maguɗi a takarda, amma na'ura ba ta ganin abin da ke cikin jini. Wanda ya sayi kati ya yaudari jami'i na minti ɗaya, ya bar kansa da iyalinsa a buɗe. Shawarar nan fa ba labarin dā ba ce: ta sake ɓulla a jihar Kwara a 2017, ta bazu zuwa wasu jihohi.

Yawancin masu cika Argungu lokacin biki ma ba ta jirgi suke zuwa ba. Masunta da 'yan kallo ne daga ƙauyukan fadama, da 'yan uwa daga Nijar da Benin masu shigowa ta Kamba. Su ne ke kwana a bakin ruwa, kuma su ne ba a tambaya kati. Ra'ayina, ma'aikatar lafiya ta jiha da masarauta su buɗe wuraren allura kyauta a Argungu da Kamba aƙalla makonni biyu kafin a shiga ruwa, a kuma sa Sarkin Ruwa da masu unguwanni su yi shela.