HARAJIN FILI: IKON GWAMNA DA IKON KOTU

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a shekarar 1916, Hausawa suke gina gidaje da shaguna a cikinta. Yau mai riƙe da takardar mallakar fili daga hannun Gwamna a Sabo, dokar da ta hau kansa ita ce ta hau kan na Kano ko na Katsina, watau Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978.

Abin da Doka Ta Ba Gwamna

Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamnanta, ta kuma ba shi ikon yanka kuɗin hayar fili da sake duba shi. Sashe na 17 ya yarje masa ya rage kuɗin, ko ya yafe shi ɗungum, idan ya gamsu cewa hakan zai amfani jama'a. Saboda haka sassauci alfarma ce, ba bashi ba ne da mutum yake bin hukuma.

Amma ikon yana da iyaka. Sashe na 16 ya umurci Gwamna ya dubi abin da aka yanka wa filaye makamantansa a maƙwabta, ya kuma hana shi ƙara haya don ginin da mai fili ya yi da guminsa.

Inda Kotu Take Shigowa

Alƙali ba ya zama Gwamna, ba ya kuma yanka wa kowa haraji. Aikinsa shi ne ya binciki hanyar da aka bi:

1. Shin jami'in ya tsaya cikin iyakar da doka ta shata masa?
2. Shin an saurari mai kuka, kamar yadda sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada?
3. Shin an sa son zuciya, ko ƙabilanci, ko wani dalilin da bai shafi maganar ba?

A shari'ar Stitch ta 1986, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ko Minista ba shi da ikon yin yadda ya ga dama. Idan aka tarar da kuskure, Babbar Kotun Jiha tana iya soke shawarar, ta umurci a sake dubawa bisa adalci.

Abin da Ya Kamata Ka Yi

Ka rubuta buƙatarka zuwa ofishin filaye, na Jihar Oyo yana Sakatariyar Agodi, ka riƙe kwafi. Ka nemi a ba ka amsa da dalilanta a rubuce. Ka adana rasit ɗinka duka. Kada ka daina biya don ka kai kuka, domin rashin biya yana iya jawo a soke takardarka. In za ka je kotu ka nemi lauya da wuri, gama galibi wata 3 ne wa'adin irin wannan ƙara.

Zama a jihar da ba ta haihuwarka ba bai rage maka haƙƙi ko ƙwaya ɗaya ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulki ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko addini.