Hotunan Damagaram da Ke Rataye a Ƙasar Wasu

A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën suka keto Sahara suka iso Damagaram. Cikin ayarin akwai Léon Poirier mai shirya fim, da mai zane Alexandre Iacovleff. A 1926, shekarar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram aka kai Yamai, aka baje zane-zanen Iacovleff a Paris, Turawa suka yi ta tururuwar kallo. Waɗanda aka zana kuwa suna gida, labari ma bai iso su ba.

Sarakuna dai sun ci sa'a, don akan rubuta sunansu. Talaka ne ya sha kashi. Dubi katunan hoto na zamanin mulkin mallaka: an tsayar da mace a gindin bango, an ɗauke ta ta gaba, wani lokaci har ta gefe, don a nuna kitsonta da tsagar fuskarta, sannan a rubuta a ƙasa cewa ga samfurin Bahaushiya ko Babarbariya. Ba suna, ba unguwa, ba a ce 'yar wane ce ba. Wannan salo ɗan'uwan awon kai ne, irin wanda ayarin Bafaranshe Tilho ya yi wa mutanen yankin Tafkin Chadi tsakanin 1906 da 1909. Har gobe gidan tarihin Musée de l'Homme da ke Paris yana ajiye da ƙoƙon kan mutane kusan 18,000 daga sassan duniya.

Jikin mutum a hoto ba shi ne laifin ba, Japan ta nuna haka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai ɗaukar hoto Domon Ken ya shiga asibitocin Hiroshima ya ɗauki waɗanda bam ɗin nukiliya ya ƙona, ya fitar da littafinsa a 1958. A 1961 Tomatsu Shomei ya je Nagasaki ya ɗauki fuskoki masu tabo, da kwalbar da zafi ya narkar har ta murɗe, da agogon hannu da ya tsaya cak a ƙarfe 11:02. Hotuna ne masu tayar da tsikar jiki, sun fi na katunan Turawa tsanani nesa ba kusa ba. Amma ɗan gida ne ya riƙe kyamarar, ya zauna da mutanen, ya yi ta komawa wurinsu shekara da shekaru. Da aka baje sababbin hotunan Japan a New York a 1974, sunayen Japanawa ne a bango.

Mu ma muna da namu. Bamako ta fara bikin baje hotuna a 1994, duniya ta san masu ɗaukar hoto Seydou Keïta da Malick Sidibé. A Yamai Philippe Koudjina ya ɗauki matasan bayan 'yancin kai. To hotunan Damagaram fa? Suna cikin akwatunan ƙarfe a Birni da Zango: hawan Salla, buɗar kai, alhaji da sabuwar jallabiya, ɗan makaranta riƙe da allo. Laimar damina tana manne su, gara tana cin gefensu.

Aikin bai wuce ƙarfinmu ba. A nemi kwafin tsofaffin hotunan daga Faransa, a haɗa da na gidaje bisa yardar masu su, a rataye a gidan tarihin gari ko zauren fada, a ajiye littafi da alƙalami kusa da kowane hoto. Dattijon da ya haura tamanin zai iya gane ƙofar gida, ko rawanin wata sarauta, ko fuskar kakarsa, ya faɗa a rubuta.